Kumburi Ya Sace, Ciwo Na Nan

A ɗakunan jinya na asibitocin Arewa akwai labarin da ke maimaita kansa har ma'aikata sun daina mamakinsa. A kawo dattijo ƙafafu sun kumbura, ciki ya ɗauki ruwa, ba ya iya kwanciya sai an tokare shi da matasai uku, haki ya hana shi gama jimla. A yi masa allurar fitsari. Cikin kwana huɗu ko biyar ruwan ya tsiyaye, takalmi ya koma shiga ƙafa, ya kwanta rigingine ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. A sallame shi da ƙullin magunguna. Bayan wata guda ya tsaya a kemis ɗin unguwa a gwada masa jini, awo ya nuna 105 bisa 70. Mai kemis ya dubi na'ura, ya dubi ƙwayoyin, ya ce: "Baba, ai jininka ya sauka. Waɗannan na hawan jini ne, ka ajiye su kada su kayar da kai. Ka riƙe na fitsarin kawai, in ƙafa ta tashi ka sha." Bayan wata uku a sake kawo shi, wannan karon a kwance a bayan mota.

Shawarar mai kemis ta yi kama da hankali, kuma a nan haɗarinta yake. Ta ginu a kan tunanin da ya game gari, wanda ake ji daga bakin majinyata da masu jinyarsu, har da wasu ma'aikatan lafiya: cewa gazawar zuciya ruwa ne da ya taru, maganinta a fitar da ruwan, a ƙara wa zuciya ƙarfi, in kumburi ya sace an warke. Wannan tunani kuskure ne, kuma kuskure ne mai cin rai. Abin da ke kashe mafi yawan masu wannan ciwo ba a ganinsa a idon sawu. Sinadarai ne da jiki da kansa yake zubawa cikin jini da niyyar ceton zuciya, su kuwa suna cinye ta a hankali. Ƙwayoyin da aka ce wa dattijon ya ajiye su ne ke tsakaninsa da waɗannan sinadarai.

Linzamin da ke wuya

Gazawar zuciya ba tsayawar zuciya ba ce. Zuciyar na bugawa, amma jinin da take turawa bai kai buƙatar jiki ba, ko kuwa ba ta iya tura shi sai da matsin da ke mayar da ruwa cikin huhu. Zuciyar babban mutum mai lafiya, yana zaune yana hutawa, na tura kusan lita 5 a minti guda. Idan wannan adadi ya fara raguwa, akwai masu gadin da ke fara sanin labari.

A wuya, dama da hagu, ƙasa kaɗan da muƙamuƙi, babbar jijiyar jinin da ke hawa kai tana rabuwa biyu. A mararrabar akwai ɗan wuri mai faɗi wanda bangonsa ke cike da bakunan jijiyoyin saƙo. Akwai irinsu a lanƙwasar babbar jijiyar da ke fita daga zuciya. Aikinsu ɗaya ne: jin yadda bangon ke miƙewa duk sanda zuciya ta buga. Kowace miƙewa saƙo ce zuwa gindin ƙwaƙwalwa, kuma ma'anar saƙon ita ce a ja linzami. Muddin saƙon na zuwa da ƙarfinsa, ƙwaƙwalwa na riƙe da jijiyoyin ko-ta-kwana, wato waɗanda ke sa zuciya gudu su tsuke hanyoyin jini a lokacin tsoro ko faɗa. Da matsin jini ya faɗi, saƙon ya yi rauni, sai a saki linzami: bugun zuciya ya ƙaru, jijiyoyin jini su tsuke, matsi ya dawo. Duk wannan cikin daƙiƙoƙi ne. Shi ya sa mutum ke tashi zumbur daga tabarma ba tare da ya faɗi sumamme ba. Wani masanin aikin jiki Bajamushe, Heinrich Hering, shi ya fayyace aikin wannan wuri na wuya a shekarun 1920.

Matsalar ita ce waɗannan masu gadi ba sa ganin zuciya. Miƙewar bango kawai suke ji. Mutumin da aka sara yana zubar da jini da mutumin da zuciyarsa ta yi rauni, rahoto ɗaya suke aikawa: jini ya ragu a hanya. Jiki kuwa amsa ɗaya ya tanada ga wannan rahoto, amsar da ta dace da mai rauni a daji. A tsuke hanyoyi, a ƙara gudu, a riƙe gishiri da ruwa, a tayar da ƙishirwa. Ga mai zubar jini wannan ceto ne, domin lamarin na sa'o'i ne ko 'yan kwanaki, sannan komai ya lafa. Ga mai gazawar zuciya kuwa babu jinin da ya zuba, kuma ƙararrawar ba ta daina kaɗawa, wata da watanni, shekara da shekaru.

Ƙoda ce ke ɗaukar kaso mafi girma na umarnin. Idan ta ji jinin da ke zuwa mata ya ragu, ko jijiyoyin ko-ta-kwana suka tsikare ta, sai ta saki wani sinadari mai suna renin, wanda Robert Tigerstedt da ɗalibinsa Per Bergman suka gano a ƙodar zomo a Siwidin a 1898. Renin na yanka wani sinadari da hanta ke yi, wani kuma da ke da yawa a jijiyoyin huhu ya ƙarasa aikin, sai a sami anjiyotensin na biyu. Wannan shi ne sarkin yaƙin. Yana tsuke jijiyoyin jini, ta yadda zuciyar da ta riga ta gaji dole ta tura jini ta ƙofa mafi ƙunci. Yana umartar wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune bisa ƙoda kamar hula su saki aldosteron, wanda ke hana gishiri fita a fitsari. Yana tayar da ƙishirwa. Yana taimakawa wajen sakin basofuresin daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, shi kuma ya hana ruwa fita. Ga asalin kumburin nan. Ruwan da ke ƙafar majinyaci bai faɗo daga sama ba, ƙodarsa ce ta tara shi bisa umarni, tana zaton ceto take yi.

Akwai abin da ya fi wannan muni, kuma shi ne ba a cika faɗa ba. Anjiyotensin na isa wasu sassan ƙwaƙwalwa da shingen da ke tsakaninta da jini bai rufe su ruf ba, kuma a can yana dusashe jin saƙon da ke zuwa daga wuya. Wato sinadarin da aka saki saboda linzami ya yi sako-sako shi ne ke ƙara kwance linzamin. Ko matsin jini ya dawo daidai, ƙwaƙwalwa ba ta ƙara jin kiran a tsaya kamar da. A 1971 Dwain Eckberg da Eugene Braunwald da abokin aikinsu suka gwada wannan a Amurka: suka ɗaga matsin jinin mutane da magani na ɗan lokaci, suna kallon yadda zuciya za ta rage gudu. A masu lafiya ta rage sosai. A masu ciwon zuciya da ƙyar ta motsa. Bayan shekara 13, a 1984, Jay Cohn da tawagarsa suka auna noradirenalin, sinadarin da jijiyoyin ko-ta-kwana ke zubawa, a jinin majinyata 106. Waɗanda nasu ya fi yawa su suka riga mutuwa, kuma wannan awo ya fi awon ƙarfin turin zuciyar kanta nuna wanda zai daɗe.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Noradirenalin mai yawa na tsawon lokaci guba ne ga ƙwayoyin naman zuciya, yana kashe wasu, yana sa bugu ya rikice. Aldosteron na sa tabo ya maye gurbin nama mai aiki, yana kuma zubar da fotasiyam da maganiziyam, gishirin da daidaiton bugu ya dogara a kansu. Zuciyar ta buɗe, bangonta ya saki, turinta ya ƙara raguwa, masu gadin wuya su sake aika rahoton ƙarancin jini, a sake ƙara sinadaran. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Mutane da yawa daga cikin masu wannan ciwo ba ruwa ne ke shaƙe su ba, faɗuwa suke yi farat ɗaya saboda bugu ya rikice, ƙafafunsu a bushe, 'yan uwa na cewa ai jiya ma lafiyarsa ƙalau.

Zuciya ba ta zauna haka kawai ana cutar da ita ba. A 1981 Adolfo de Bold, a Kanada, ya niƙa naman ɗakunan saman zuciyar ɓera ya yi wa wasu ɓeraye allurarsa, sai ga fitsari da gishiri suna kwarara. Aka gane zuciya ma tana da nata sinadarin saƙo, wanda take saki idan ta cika ta miƙe, tana roƙon ƙoda ta saki ruwa. A gazawar zuciya wannan sinadari da ɗan uwansa na hauhawa a jini, har likitoci na auna su don gane ciwon. Sai dai muryarsu ɗaya ce a cikin kasuwa, an fi ƙarfinsu.

Likitoci ma sun yi wannan kuskuren

Adalci ne a ce mai kemis bai ƙirƙiri tunaninsa ba. Gadonsa ya yi daga likitanci kansa, wanda ya shafe kusan shekara 200 a kan wannan turba. A 1785 William Withering, likita a Ingila, ya wallafa bayani kan wani fure da ke sa masu kumburi fitsari, kuma daga irin wannan tsiro aka samo digoxin da har yau ake rubutawa. Tun daga nan manufa ta zama biyu: a ƙara wa zuciya ƙarfi, a fitar da ruwa. Duk maganin da ke rage gudun zuciya ko ƙarfin bugunta an ɗauke shi haram ga mai gazawar zuciya, kuma haka littattafan koyarwa suka rubuta.

Abin da ya rushe wannan gini shi ne ƙirga gawa. A 1991 aka fitar da sakamakon gwajin milrinone, maganin da ke ƙara ƙarfin bugun zuciya a fili, har na'ura ta shaida. An gwada shi a majinyata sama da 1,000. Mutuwa ta ƙaru da kashi 28 cikin 100 a waɗanda suka sha shi. Jakin da ya gaji, bulala na sa shi sauri, amma ba ta kai shi gida. A 1997 aka gwada digoxin a majinyata 6,800: ya rage yawan komawa asibiti, bai rage mutuwa ba.

A ɗaya gefen, a 1975, Finn Waagstein da abokansa a birnin Gotenbag na Siwidin suka yi abin da aka ɗauka wauta ce. Suka ba majinyata 7 masu buɗaɗɗiyar zuciya maganin da ke toshe tasirin noradirenalin, wato mai rage gudun zuciya, kuma suka ba da rahoton samun sauƙi. Duniyar likitanci ta yi kusan shekara 20 ba ta yarda ba. Sai a 1999 manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya na bisoprolol ɗaya na metoprolol, a majinyata dubbai, kowanne ya nuna mutuwa ta ragu da kashi 34 cikin 100. Kafin nan, a 1987, an gwada enalapril, mai hana haɗa anjiyotensin, a majinyata 253 masu ciwo mai tsanani a ƙasashen arewacin Turai. Cikin wata 6, kashi 44 cikin 100 na waɗanda ba su sha ba sun rasu, a waɗanda suka sha kuwa kashi 26. (Kakan wannan dangin magani, captopril, daga binciken dafin wani maciji na Birazil dangin kububuwa aka samo shi, bayan Sérgio Ferreira ya gano a shekarun 1960 cewa dafin na ɗauke da abin da ke faɗar da matsin jini.) A 1999 kuma aka nuna cewa spironolactone, tsohon magani mai araha da ke toshe aldosteron, ya rage mutuwa da kashi 30 cikin 100 a majinyata 1,663, a ɗan ƙaramin awon da bai isa ya sa fitsari mai yawa ba.

Duk wanda ya jera waɗannan sakamako zai ga inda suka nufa. Maganin da ya zaburar da zuciya ya gajarta rai. Magungunan da suka tsawaita rai ba ƙarfi suke ɗura mata ba, bakin sinadaran ceton ƙarya suke toshewa. Milton Packer, wanda ya jagoranci gwajin milrinone ɗin da ya ci tura, shi ya rubuta wannan fahimta a fili a 1992. Abin da ya biyo baya ya ƙara tabbatar da ita: a 2014 wani haɗin magani, sacubitril da valsartan, wanda ke toshe anjiyotensin kuma ya hana rushe sinadarin da zuciya ke roƙon ƙoda da shi, ya fi enalapril rage mutuwa da kashi 16 cikin 100 a majinyata sama da 8,000. Daga 2019 aka ƙara dangi na huɗu, irin su dapagliflozin, da aka fara yi don ciwon suga.

To ina matsayin maganin fitsari? Babu mai hankalin da zai raina furosemide, wanda aka fi sani da Lasix. Mutumin da huhunsa ya cika da ruwa shi ne ke fitar da shi daga bakin kabari a daren, kuma mafi yawan majinyata na buƙatarsa don su yi numfashi su yi tafiya. Amma share ruwan da ya zuba ne, ba toshe yoyon ba. Ƙari ma, yayin da yake fitar da gishiri da ruwa, ƙoda na ɗaukar hakan a matsayin ƙarin shaidar zubar jini, sai ta ƙara sakin renin. Wanda ya riƙe Lasix kaɗai ya ajiye sauran ya zaɓi maganin da ke ba shi daɗin jiki yana ƙara hura wutar, ya watsar da masu kashe ta. Jikinsa kuma zai yaba masa a makonnin farko, domin magungunan da ya bari ba su da daɗin farawa. Bisoprolol da carvedilol kan sa kasala a farko, shi ya sa ake fara su da ɗan kaɗan bayan ruwa ya fita, a riƙa ƙarawa a hankali. Enalapril da lisinopril kan sa wasu tari busasshe. Amfaninsu a watanni yake bayyana, kuma babban amfanin, rashin mutuwa, ba abu ne da mutum ke ji a jikinsa ba.

Batun 105 bisa 70 kuwa, sunan da aka laƙaba wa ƙwayoyin ne ya jawo ruɗun. Ana kiransu maganin hawan jini saboda ana amfani da su a can ma. A gazawar zuciya ba don awon aka ba da su ba. Mutumin da awonsa ya tsaya a nan, ba jiri, ba faɗuwa, fitsari na fita, ƙoda lafiya, ba shi da dalilin ajiye ko ƙwaya ɗaya. In ma jiri ya zo, abin da ƙwararru kan fara dubawa shi ne ko maganin fitsarin ne ya yi yawa, su rage shi. Wato akasin shawarar kemis ɗin daidai.

Wani zai ce, to idan zuciyar ta warke fa, hoto ya nuna ta koma girmanta? An gwada wannan ma. A Landan aka ɗauki majinyata 51 da zuciyarsu ta buɗe sannan ta murmure da magani, ba su da sauran alama. Aka raba su biyu, aka janye wa 25 maganin a hankali ƙarƙashin sa ido, 26 suka ci gaba. Rahoton ya fito a 2019. Cikin wata 6, mutum 11 daga cikin 25 ɗin ciwon ya fara dawo musu, a ɗaya rukunin ko mutum ɗaya. Babu wanda ya mutu, saboda ana ɗaukar hoton zuciyarsu ana auna jininsu a kai a kai, ana mayar da maganin da zarar an ga alama. Dattijon da ya ajiye nasa bisa shawarar kemis ba shi da mai ɗaukar masa hoto.

Uzurori, da waɗanda ke da gaskiya a cikinsu

Akwai masu cewa duk wannan binciken Turawa ne a kan Turawa. Maganar na da tushe. Gazawar zuciya a nahiyar Afirka ba kamanninta ɗaya da ta Turai ba. Wani bincike da aka wallafa a 2012, na majinyata 1,006 a ƙasashe 9 na kudu da Sahara, har da Najeriya, ya nuna matsakaicin shekarunsu 52 ne, ƙasa sosai da na Turai, kuma hawan jini ne sanadi a kusan kashi 45 cikin 100, toshewar jijiyoyin zuciya kuwa kaɗan ce. Kusan mutum 18 cikin 100 sun rasu cikin wata 6. Gaskiya ne kuma cewa enalapril da danginsa, in an ba da su su kaɗai, ba su cika saukar da hawan jini a baƙar fata kamar a farar fata ba. Amma abin da ya biyo bayan wannan lura ƙari ne, ba ragi ba. A 2004 aka gwada hydralazine da isosorbide dinitrate a baƙaƙen fatar Amurka 1,050, a bisa magungunan da aka saba, mutuwa ta ragu da kashi 43 cikin 100. An ɗora su ne a kan sauran, ba a maye gurbinsu ba.

Gaskiya ne kuma cewa ba kowace gazawar zuciya ce waɗannan alƙaluma suka shafa ba. Sun fi tabbata ga wadda turin zuciya ya yi rauni. Akwai wadda zuciyar ke turi da ƙarfinta amma ta sandare ba ta cika da kyau, akwai ta lalacewar ƙofofin zuciya, kuma maganinsu ya sha bamban. Hoton zuciya ne ke rarrabe su. Magungunan ma ba alewa ba ne: spironolactone da enalapril na iya tara fotasiyam har ya yi kisa idan ƙoda ba ta da lafiya, don haka gwajin jini wajibi ne, kuma mai ciki ba ta shan enalapril da danginsa saboda suna cutar da ɗan tayi. Duk wannan hujja ce ta a koma wurin likita a daidaita. Babu ɗaya a ciki da ya zama hujjar mai kanti ya yanke hukunci da na'urar awo.

Ƙasar Hausa na da nata babi a wannan ilimi. A shekarun 1970, a Zariya, Neil Davidson da Eldryd Parry suka bayyana yawan gazawar zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta ta da wankan jego, da kwanciya bisa gadon ƙasa mai zafi, da kunun kanwa. Kanwa dai gishirin sodiyam ce mafi yawanta, duk da sunan da ake kiranta da shi a Turancin Najeriya na nuna fotasiyam. Binciken baya-bayan nan a asibitocin Najeriya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kamilu Karaye na Kano, bai sami al'adar a cikin manyan sanadan ciwon ba, ya fi nuna rama, da rashin karatu, da hawan jinin masu ciki. Don haka ɗora laifin kacokan a kan kakanni zalunci ne. Amma sanadi daban, abin da ke ƙara wa mai ciwo ciwo daban. Matar da zuciyarta ta riga ta raunana, ƙodarta na riƙe duk gishirin da ya shigo, kofin kunun kanwa a gare ta ba gata ba ne. Haka dunƙulen ɗanɗanon miya da ake jefawa uku-uku a tukunya. Ba a ce a bar gishiri kwata-kwata ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko mai lafiya kada ya kai giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokalin shayi. Akwai kuma ɓarawon da ba a zargi: diclofenac da ibuprofen, da ake saya don ciwon gwiwa da gajiyar aiki, suna sa ƙoda riƙe gishiri da ruwa, suna dakushe maganin fitsari, kuma sau da yawa a kanti ɗaya ake ba da su tare da Lasix ɗin.

Uzurin kuɗi shi ne mafi nauyi, kuma ba a musa shi. Sabbin magungunan sun fi ƙarfin aljihun talaka. A Amurka an amince a 2019 da wata na'ura da ake dasawa ƙarƙashin fata, tana tsikarar masu gadin wuyan nan da lantarki don ƙwaƙwalwa ta sake jan linzami. Ta rage wa majinyata wahala, ba a nuna ta rage mutuwa ba, kuma ga mai sayen magani na kwana uku-uku labari ne kawai. Amma dangi uku daga cikin huɗun nan tsofaffi ne, kamfanoni da yawa na yin su, kuma tafiyar ƙafa daidai gwargwado, ga wanda ciwonsa ya lafa, an nuna tana farfaɗo da jin masu gadin wuya ba tare da ko sisi ba. Iyalin da suka kasa sayen spironolactone na wata sukan sayar da akuya su biya kuɗin gado karo na uku.

Laifi mafi girma ba na mai kemis ba ne, na takardar sallama ne. Ana sallamar majinyaci a kan awon farko, mafi ƙanƙanta, wanda aka tsara don a ɗora a kansa, a ce ya dawo bayan wata biyu ko uku. Ya dawo ya tarar da wani likita da layi mai tsawo, a sake kwafe masa abin da ke katin. Shekara ta zagayo yana kan awon gwaji. Babu wanda ya zauna minti biyar ya gaya masa da Hausa cewa wannan ƙwayar ta kumburi ce, za a iya ƙara ta ko rage ta, waɗannan ukun kuwa na hana zuciya lalacewa ne, ba a barinsu don an ji sauƙi. Wanda ba a gaya wa aikin magani ba, dole ya auna shi da idonsa, kuma ido kumburi kawai yake gani.

An riga an gwada abin da zai faru in aka canza wannan ɗabi'a, kuma Najeriya na cikin ƙasashe 14 da aka yi gwajin, har akwai likita daga Kano cikin waɗanda suka rubuta rahoton a 2022. Majinyata 1,078 da aka kwantar saboda gazawar zuciya aka raba biyu. Rabi aka bi da su yadda aka saba. Ɗaya rabin aka fara ɗaga musu magungunan tun kafin sallama, aka nemi kai su cikakken awo cikin mako biyu bayan sun koma gida, ana ganinsu a mako na ɗaya, na biyu, na uku da na shida, kowane zuwa a duba jiki a auna jini. Ba a ƙara musu wani magani da ba a sani ba. Cikin kwana 180, kimanin mutum 23 cikin 100 na rukunin farko sun rasu ko an sake kwantar da su, a rukuni na biyu kuwa 15. Masu sa ido a kan gwajin suka ba da shawarar a dakatar da shi kafin lokacinsa, saboda ci gaba da barin rabin mutanen a kan tsohuwar hanya ya zama abin da ba za a iya karewa ba.